Rigar Kwamfuta

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa baiwar Allah da ta rubuto a ƙarƙashin kashin da ya gabata cewa namiji mai furfura ba shi da hurumin rubuta labarin soyayya. Kin yi gaskiya, 'yata. Ni ma da na duba madubi abin da na gani ke nan. Sai dai ciwo ba ya tambayar shekarun mutum kafin ya kama shi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, na ba hamsin baya. Matata ta rasu shekarun baya kaɗan, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Tela ce. Da yake babu yaran da za ta ɗinka wa kaya, sai ta koma ɗinka wa kayan gida. Firji yana da riga. Talabijin yana da riga. Tukunyar gas tana da siket mai tattara. Har rimot yana da ɗan wandonsa. Ranar da za mu tafi asibiti, tafiyar da ba ta dawo ba, ta bi ɗaki ɗaki tana dafa bango ta sa wa kowane abu rigarsa, ta ce kada mu dawo mu tarar da gida ya yi ƙura. Haka na dawo ni kaɗai na same su, haka kuma na bar su.

Cikin masu riga har da tsohuwar kwamfutata ta kan tebur, irin mai akwati daban allo daban. Rigar akwatin shuɗiya ce, mai kauri, an cusa mata auduga kamar bargon jariri, ta rufe shi ruf daga sama har ƙasa, gaba da baya. Idan zan kunna sai in ɗaga gaban rigar in danna maɓalli in saki.

Tun bayan rasuwar matata, kwamfutar ta koyi wata ɗabi'a. Ina tsakiyar buga tambayoyin jarrabawa sai ta ƙame. Linzami, wato maus, ba ya motsi, madannai ba sa ji, sai fanka a ciki tana gurnani kamar tsoho mai majina. Dole in danne maɓalli har ta mutu, in jira, in sake kunnawa. Da farko ban damu ba. Na ɗauka makoki take yi, kuma ban ga dalilin hana ta abin da ni ma nake yi ba.

Abin da ya tayar mini da hankali bidiyo ne guda ɗaya. Ni na ɗauke shi da kyamarar aro wata ranar hutu, marigayiya tana kan keke tana ɗinki tana yi mini tsiya. Kullum na dawo daga makaranta shi nake fara buɗewa. Sai ya yi ta tafiya lafiya lau, har ya kai inda take ɗago kai ta ce, “Kai dai ba ka da aikin yi. Zo ka...” Nan kwamfutar take ƙamewa. Wani lokaci kafin nan kaɗan, wani lokaci bayan ta buɗe baki. Zo in yi me? Ni na ɗauki bidiyon, amma wallahi na manta. Sai in zauna ina kallon matata da baki buɗe, ita ba ta faɗa ba, ni ban tashi ba.

Wannan ne ya kai ni shagon Injiniya.

Haka duk layin masu gyara ke kiranta. Bazawara ce, ta kusa arba'in, ba ta da yawan dariya. Tana sa doguwar riga mai duhu, ta ɗora rigar aiki mai aljihu da yawa a kai, mayafinta a maƙale da fil saboda kada ya taɓa ƙarfen narka dalma, tabarau kuma na rataye a wuyanta da igiya. Shagon ɗan tsut ne: tebur ɗaya, benci ɗaya na masu jira, gawarwakin kwamfutoci har rufi.

Duk ranar da zan kai mata akwatin, sai in cire masa rigar a hankali, in ninke, in ajiye a kan gado. Ba zan kai ɗinkin marigayiya cikin maiƙon shago ba. Idan na dawo in mayar masa da abinsa daidai yadda ta sa. Ku riƙe wannan. Ni ban riƙe ba, ga shi kuma lissafi nake koyarwa.

Zuwan farko ta ce wataƙila bairos ne, ta wanke ta tas. Na kai gida, ta ƙame. Zuwa na gaba ta kashe tarin manhajojin da ke tashi tare da ita ba a gayyace su ba. Ta ƙame. Ta zare wani ɗan falle da take kira ram, ta goge bakinsa da abin goge fensir ta mayar. Ta ƙame. Ta ce to ko wutar gidana ce ke rawa, na sayi sitabilaiza, na canza soket, na canza waya. Ta ƙame, wannan karon cikin kwanciyar hankali, da wuta mai kyau.

A shago kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba. Injiniya takan kunna ta tun safe ta ɗora mata aiki mai nauyi, in zo da yamma in tarar tana gudu kamar yarinya.

“Malam, ɗakin naka akwai zafi ne?”

“Akwai fanka a sama.”

“Ka manna ta da bango?”

“A'a, akwai rata.”

Ta hura cikin akwatin, ta tsinto wani abu da ɗan hantsaki ta ɗaga. “Wannan zare shuɗi fa? Kullum sai na ciro shi a fankarta.”

“Gidan tela ne,” na ce. Ta dube ni ta saman tabarau, ta koma kan aikinta.

Ban san ranar da benci ya fi mini kwamfutar muhimmanci ba. Na dai lura na fara goge riga kafin in je. Na lura tana ajiye mini kofin shayi a gefen tebur, nesa da sukurori, ba tare da ta tambaya ba. Tana aiki ina ba ta labarin ɗalibaina da ke raba sifiri gida biyu su sami saura, takan yi murmushi da gefen baki ɗaya, ni kuma in koma gida da wannan rabin murmushin kamar an ba ni lambar yabo.

Sai dai ba ni kaɗai ke da ido a layin ba. Maƙwabcin shagonta mai sayar da batir ne, ya fi ni ƙuruciya, ya fi ni gashi, agogonsa kaɗai ya isa ya haska ɗaki. Duk ya gan ni rungume da akwati sai ya ɗaga murya.

“Baba Malam, an sake kawo mara lafiya? Wannan jinya taku ba ta ƙarewa.”

“Da sauƙi,” nakan ce.

“Ai na ga alama. Mai jinyar ma har ƙiba yake yi.”

Labari ya kai kunnen Yayata, ban san ta wace hanya ba, amma Yaya ko a rijiya ka yi tari sai ta ce maka sannu. Ita ta goye ni, kuma har yau ba ta sauke ni ba. Ta kira ni ina cikin ɗakin malamai.

“Auta, an ce kullum kana shagon wata mai gyara.”

“Kwamfuta ce ta lalace, Yaya.”

“Kwamfutar da aka ce lafiyarta lau? Kai, ni za ka yi wa wayo? Na bincika, 'yar mutunci ce. Kuma mai batir ɗin nan ya riga ya je wajen mahaifinta. Kai kana nan kana jigilar akwati kamar ɗan dako. Ka buɗe baki ka yi magana.”

“Yaya, ina cikin mutane.”

“Da ma a cikin mutane ake aure.”

A ranar da yamma saƙon Injiniya ya shigo. Na adana shi, ga shi yadda yake:

“Malam, ina so in tambaye ka wani abu tsakani da Allah. Kwamfutar nan da gaske tana ƙamewa, ko kuwa?”

Kun ga inda mai hankali zai ce “ko kuwa.” Ƙofa ce aka buɗe mini har da labule a ɗage. Ni kuwa na ji an taɓa mutuncina na mai gaskiya, na rubuta:

“Wallahi da gaske take yi.”

Can sai ga amsarta: “To. Zan zo in gan ta a inda take zaune. Ka ce Yayarka ta kasance a gidan.”

Ta zo ranar hutu da hantsi. Yaya ta riga ta iso tun da safe, ta share inda yake a share, ta sa ni na canza riga har sau biyu, ta fesa mini turaren da ya sa na yi ta atishawa. Injiniya ta shigo ba rigar aiki, cikin doguwar riga ruwan toka da mayafi fari, sai 'yar jakar kayan aiki a hannu. Ban taɓa ganinta ba aljihuna ba. Ta durƙusa ta gaida Yaya, Yaya ta riƙe hannunta ta ƙi saki, tana yi mini wani kallo da ke cewa in ka bari wannan ta wuce ka, kada ka zo jana'izata.

Sannan Injiniya ta miƙe ta dubi falon.

Ban taɓa ganin falona da idon wani ba sai ranar. Firji cikin riga. Talabijin cikin riga. Kujeru kowace da lulluɓinta, fankar ƙasa da hularta, keken ɗinki a rufe a lungu, takalman marigayiya na cikin gida a jere a ƙarƙashinsa. Ta nemi inda za ta ajiye jakarta, ta rasa wurin da ba a lulluɓe ba, ta riƙe abinta.

“Ina mara lafiyar?” ta ce.

Na kai ta gaban tebur. Na ɗaga gaban rigar na danna na saki, kamar kullum. Ta tsaya tana kallon akwatin. Ta sa tabarau. Ta cire.

“Malam, mene ne wannan?”

“Rigarta ce.”

“A haka kake kunna ta?”

“A haka take.”

“Amma ba a haka kake kawo mini ita ba.”

“Ina cirewa ne saboda kada ta yi datti.”

Ta ce in buɗe abin da na saba buɗewa. Na buɗe bidiyon, don ban iya ƙarya ba ko a inda ƙarya za ta yi mini rana. Muryar marigayiya ta cika falon, ƙarar keke, dariyarta. Yaya ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Muka tsaya mu uku har fanka ta fara gurnani, har matata ta ɗago kai ta ce “Zo ka,” ta ƙame.

Injiniya ta zura hannu ƙarƙashin rigar ta bayan akwatin, ta janye hannun da sauri. Ta kama hannun rigata, ba hannuna ba, ta kai shi wurin. Ƙarfen kamar gindin tukunya.

“Ta nan take fitar da zafi, ta nan kuma take shaƙar iska. Duka biyun a toshe suke. Idan ta ji za ta ƙone sai ta tsaya. Ba bairos, ba ram, ba wuta. Watanni ina neman ciwo a jikinta.” Ta yi ɗan murmushin nan na gefe ɗaya, amma bai kai ido ba. “Maganin ba wuya. In za ka kunna, ka cire. In ka kashe ta huce, ka mayar in kana so.”

Shi ke nan fa abin da ta nema. Ba ta ce in ƙona ba, ba ta ce in kyautar ba. Ga kuma abin da ya fito daga bakin malamin lissafi, a gaban matar da yake so, a gaban Yayarsa:

“Ba za ta ji daɗi ba. Ba ta son ganin kaya a tsirara.”

Ba ta son. Ba “ba ta kasance tana so ba.” Kamar tana kicin za ta fito yanzu.

Yaya ta ce, “Auta,” a hankali, irin yadda take kirana ina yaro idan na yi abin kunya a gidan mutane.

Injiniya ta sake duban falon, wannan karon a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya kan takalman. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro ɗan filashi ta ajiye a kan tebur.

“Tun zuwanka na farko na kwafe maka duk abin da ke ciki, don kwamfutar da ke ƙamewa haka wata rana za ta tafi da komai. Na so in ba ka tuntuni, ban san me ya hana ni ba.” Ta zuge jakar. “Baba ya ce in ba shi amsa kan maganar maƙwabcina. Na ce ya ɗan ƙara mini lokaci, akwai aikin da ban gano kansa ba. Yanzu na gano.”

Yaya ta ce ta tsaya ta sha ko ruwa ne. Ta ce ta gode, ta bar shago a rufe. Na raka ta bakin ƙofa, ina ta neman kalma kamar mai neman makulli a aljihun da ya san ba ya ciki.

“Allah ya huta gajiya,” na ce.

“Amin, Malam. Allah ya ji ƙanta.”

Da na dawo ciki Yaya tana ɗaura mayafi. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce kawai, “Ni ma ina son marigayiyar, ka sani. Ni na wanke ta. Amma ita tafiya ta yi shirin yi da ta rufe kayan nan, ba zama ba.” Ta fita.

Na kwana biyu ban kunna ba. Ina dawowa daga makaranta in zauna a kujera mai lulluɓi, in kalli talabijin mai riga, in ci abinci a tsaye. Saƙon Yaya na shigowa, “Ka kira ta?”, ina gani ina ajiyewa.

Ranar da na gaji da kaina, da la'asar, na cire rigar. Ban yi wani bikin cirewa ba. Na ninke ta na ɗora a kan kujera, na kunna, na buɗe bidiyon, na zauna ina jiran inda za ta tsaya. Fankar ba ta yi gurnani ba. Matata ta ɗago kai.

“Kai dai ba ka da aikin yi. Zo ka zura mini zaren nan, idona ya gaji.”

Zare ne. Shekaru ina zaune gaban buɗaɗɗen bakinta ina jiran wasiyya, ashe allura ce ta gagare ta.

A cikin bidiyon na ji muryata tana cewa to, sai hoton ya karkace, na ajiye kyamarar a hannun kujera ban kashe ba. Ta ci gaba da ɗaukar abin da ke gabanta: wannan teburin, wannan kwamfutar, a kunne, akwatin tsirara haihuwar uwarsa. Shuɗiyar rigar tana ninke a gefe. Can baya ana hango firji, shi ma ba komai a jikinsa. Ana jin mu muna gardama kan wanda idonsa ya fi lalacewa.

Ashe cirewa take yi. Duk lokacin da za a yi amfani da abu sai ta tuɓe shi, in an gama ta mayar. Shekara da shekaru tana yi a gabana, ni ina zama in tarar da komai a shirye, ban taɓa tambayar wa ya shirya ba. Bidiyon ya tafi har ƙarshe. Ya ƙare da kansa, allon ya koma yadda yake, linzami na motsi. Ban san me ake yi da bidiyon da ya ƙare ba. Na zauna har aka kira magariba.

Washegari na rubuta wa Injiniya: “Na cire. Ta yini a kunne ba ta tsaya ba.”

Na ga ta karanta. Na ga alamar tana rubutu, ta daina, ta sake farawa, ta daina. Sannan:

“Alhamdulillah. Ke nan ba sauran abin da zai kawo ka shago.”

Na karanta shi a zaune, na karanta shi a tsaye. Na kai wa Yaya ta karanta, ta ce ita ba ta iya fassara wa wawa ba. Ban sani ba ko rufe ƙofa ne, ko kuwa irin tambayar nan ce ta “ko kuwa” da na taɓa faɗuwa a kanta.

Jiya bayan an tashi daga makaranta na goge riga na tafi. Sai da na shiga layin na gane ban taɓa bin sa hannu sake ba. Ban san inda ake ajiye hannuwa ba idan babu akwati. Na sa su a aljihu, na fitar, na goya su a baya kamar mai duba jarrabawa.

Mai batir yana zaune a kan bencin. Bencina. Kofin shayi na gefen tebur, nesa da sukurori, ban san ko na waye ba. Ya gan ni tun daga nesa, ya washe baki.

“Baba Malam, yau ina mara lafiyar? Ko an sallame ku?”

Na wuce shi zuwa bakin teburin. Injiniya tana sunkuye kan wata kwamfuta da aka buɗe wa ciki, hayaƙin dalma na tashi. Ta ajiye ƙarfen a mazauninsa. Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa kan igiyarsa. Ta dubi fuskata, sannan ta dubi hannuwana, ta daɗe a kansu.

“Malam,” ta ce, “me ka kawo gyara?”